Jakar da Ta Ƙi Mutuwa

"Ni dai ki ji tsoron Allah, baiwar Allah. Jakar nan ta ƙi mutuwa, kuma ke kika ɗinka ta."

Matar direba ce, ta layin bayanmu. Ta dire mini jakar makaranta a kan teburin yanka. Na ɗauka na juya ta. Tawa ce, babu musu: koren tamfol, ɗinki biyu-biyu, zif mai manyan haƙora.

Na ce, "To me ta yi?"

"Ai da ta yi wani abu da ban zo ba. Babban ɗana na saya wa. Ya gama, ƙaninsa ya ɗauka, shi ma ya gama, yanzu tana hannun autata. Yarinya kullum kuka. Ƙawayenta kowa da sabuwa mai hoton 'yar tsana, ita tana yawo da jakar da ta girme ta. Ubansu kuma ya rantse ba zai sayi wata ba sai wannan ta yage."

"To ta yage mana."

"Da me? Ta ja ta a kwalta daga makaranta har gida. Ta jiƙa ta, ta shanya a rana. Ta tura ta ƙarƙashin motar uban, ya yi baya ya taka, ya fito yana duba ko tayarsa ta yi faci. Jaka ko gezau. Ni na gaji, kowa ya ji da abin da ya haifa."

Ta fita ta bar mini ita. Na ce alhamdu lillahi, don aiki ya yi kyau. Ban gama rufe baki ba ƙanwata Auta, wadda ke saka mana zif, ta ce, "Yaya, hamdala kike yi? Ai mutuwarmu matar nan ta zo ta faɗa miki."

Gaskiya ta faɗa. Shagon namu ɗakin gaban gida ne, mai ƙofa a titi. Kekunan ɗinki uku ne a ciki: nawa, na Auta, da na Baba Tela, dattijon da ya koya mini riƙe almakashi, ya zo da kan kekensa ya zauna da mu tun ranar da muka buɗe. Jakar makaranta muke yi, tun daga yanka har hannu, komai a ɗakin nan. Da farko har layi ake yi mana. Sai da kowane gida a unguwa ya sayi tamu, daga nan ɗif. Wanda ya saya sau ɗaya ya saya har abada. In mun haɗu a hanya sai dai ya ce, "Tana nan fa, Allah ya yi albarka," ya wuce. Albarka ta yi mana yawa, har ba ma iya sayen zare.

A tsallaken titi kuwa akwai Mai Kwali. Jakunkuna yake kawowa daga ƙasashen waje cikin manyan kwalaye, masu ƙyalli da hotuna. Yaro ya saya yau, kafin wata ya juya hannu ya fita, uban ya yi zagi ya dawo ya sayi wata. Mai Kwali har tumbi ya ajiye.

Ranar da yamma baban yara ya leƙo shago ya same mu uku muna kallon jakar matar direba. Ya ce, "Ke, maman yara, ni fa ba zan ci gaba da ajiye ɗaki ana hira a ciki ba. Mai Kwali yana neman inda zai zuba kaya. Na ba ki zangon karatun nan da za a shiga. In hutu ya zo ban ga mutane suna dawowa saye ba, ki kwashe kekunanki ki kai tsakar gida."

Na ce, "Kayan gida fa muke yi, mutum uku ke ci a nan."

Ya ce, "To ku yi kayan gida masu mutuwa mana. Su can da suka fi ku ilimi ba ga shi suna yi ba?"

Ni ba na ɗaukar magana in kwana da ita. Na ba Auta kuɗi na ce ta tsallaka ta sayo mana ta Mai Kwali guda ɗaya, mu ga yadda ake yi. Kafin ta tsallako titi zif ɗin ya buɗe baki daga ƙasa. Ta shigo tana riƙe da ita kamar jinjiri mara lafiya.

Muka shimfiɗe ta a tebur. Baba Tela ya saka tabarau, ya ja zaren da farce, zaren ya biyo shi sululu har ƙarshe ba gardama. Ya ɗaga yadin ya kalli haske, muka hango fuskarsa ta ciki. Sannan ya ce, "Uwar ɗakina, wannan ba aikin wasa ba ne. Mutanen nan sun san ranar da kowane zare zai saki. Dubi hannun nan, ɗinki huɗu ne kawai ke riƙe da shi, amma sai ya bari an biya kuɗi an fita tukuna. Wannan sai an je makaranta."

Auta ta ce, "Mu ma mu koya."

Na ce a dakata. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san ha'inci, kuma ba zan ci wuta a kan jaka ba. Washegari bayan an tashi karatu na tsare malamarmu ta Islamiyya a bakin ƙofa na faɗa mata komai. Ta ce, "In kin faɗa wa mai saye aibin kaya kafin ya biya, ya ji ya yarda, babu laifi a kanki. Amma fa abin da kika faɗa ya zama gaskiya."

Shi ke nan, hanya ta samu. Na sayo yadi mai sheƙi da furanni, siririn zare, da zif mafi araha a kasuwa, wanda mai shagon da kansa ya ce mini kada in ce a wurinsa na saya. Muka zauna koyon lalata aiki. Ba sauƙi. Ƙafata ta saba komawa baya a kan ɗinki, sai da Auta ta riƙa dukan tebur tana cewa, "Yaya, kin sake ƙarfafawa!" Baba Tela ya ce shi yanka kawai zai yi, idonsa ba ya ganin siririn zare. Na ce to. Muka samu muka fitar da ta farko, na miƙa wa baban yara, ya ɗan ja hannun, ya ji ya yi ƙara. Ya ce, "Yauwa. Yanzu kuka fara zama kamfani."

Da aka koma makaranta na jera su a ƙofar shago. Duk wanda ya ɗauka sai na tsayar da shi. "Tsaya ka ji, bawan Allah. Jakar nan a ɗakin nan aka yi ta, kuma ba ta da ƙwari. Kafin hutu hannun zai fita, zif ya buɗe, ƙasan ma ban ba ka tabbas ba. Ka yarda?"

Iyaye suna dariya, suna cewa ba su taɓa ganin mai faɗin gaskiya irina ba, ga araha. Yara kuwa su ne suka fi matsa mini. Wata ta kama gefen mayafina ta ce, "Mama, kin yi alkawari za ta mutu?"

Na ce, "Na yi, in Allah ya yarda."

Kaya suka ƙare ƙaf. Matar direba ma ta karɓi tsohuwar jakarta ta ce za ta riƙa zuba albasa, ta saya wa autarta sabuwa a ɓoye. Baban yara ya ce a'a, kada in yi rawa tukuna, ciniki sai an dawo na biyu.

Muka zauna jiran mutuwar jakunkuna. Ina yanka ina leƙen titi lokacin tashin makaranta, in ga ko akwai mai rungume da littattafai a ƙirji. Babu. Yara suna wucewa, jakunkuna a baya daram. Aka yi rabin zango, shiru. Aka fara jarrabawa, shiru. Ranar da aka ba da hutu, tun kafin azahar ƙofar shagona ta cika.

"Kin ce hannun zai fita!"

"Ni ɗana har lilo ya yi da ita a reshen bishiya!"

"Mu da muka yarda da ke saboda kina zuwa karatu!"

Wannan ta ƙarshen ita ta soke ni. Na karɓi jaka ɗaya na ja da dukkan ƙarfina, ko ƙara ba ta yi ba. Na saka reza na buɗe shafin ciki. Me zan gani? A ƙarƙashin siririn ɗinkina ga wani ɗinki na zare mai kauri, biyu-biyu, a ɓoye, har da ɗan tamfol an liƙa a gindin hannu. Na buɗe ta biyu, haka. Na juya na kalli Baba Tela, ya duƙa yana neman allurar da ba ta faɗi ba.

Na sallami mutane na ce su ba ni zuwa Asabar. Na turo ƙofa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Wanne?"

"Kada ka sa in ɗaga murya a gaban furfurarka."

Ya cire tabarau. Ya ce, "Ni ke da mabuɗi. In na fito masallaci da asuba sai in biyo in gan su a rataye, abin tausayi, kamar marayu. Sai in ce bari in taɓa guda ɗaya kawai. Kafin ku fito na gama da duka."

"Baba, ka mai da ni maƙaryaciya a unguwa!"

"Ni ma za a tambaye ni a kan kowane ɗinki, uwar ɗakina. In ce me? In ce na ga hannu zai fita na kau da kai?"

"Ni kuma in ce me a kan alkawari?"

Auta ta ce, "Yaya, ai kin ce in Allah ya yarda. To bai yarda ba, shi ke nan."

Na ce, "Rufe mini baki. Ba Allah ne ya ƙi ba, Baba Tela ne. Ba zan laɓe a bayan sunan Ubangiji in cinye kuɗin mutane ba."

Abu ɗaya ya rage, in cika alkawari da hannuna. Na aika gida-gida: duk wanda ya sayi jaka mai furanni ya kawo ta ranar Asabar, za a kashe masa ita kyauta. In ta mutu, ga sababbi na ɗinka, wannan karon na ƙwace mabuɗi daga hannun Baba, su saya. Baban yara zai ga an dawo na biyu, ɗaki ya tsira. Lissafin bai da wani lauje.

Asabar tun hantsi layi ya kai kwanar titi. Yara sun yi wanka, wasu har da sababbin kaya. Na fito da tebur, na ɗaura zane da kyau, na yi bisimilla na ɗauki reza. Aikin Baba ne, ba ya farkuwa ta daɗi. Sai na yanka, Auta ta taka da ƙafa, ni in ja, sannan hannu ya fita. Duk wadda ta mutu sai yara su yi tafi. Wani yaro ya ce a ƙara masa da zif, na ƙara. Wata ta ce ita ƙasan aka yi mata alkawari, na huda mata ƙasan. Har masu tsohon tamfol suka ji labari suka kawo nasu, na ce su ban yi musu alkawari ba, suka ce ai zumunci, na ce to kawo.

Baba Tela ya ce ba zai iya kallo ba. Ya ɗauki kujera da allurar hannu ya koma gindin bishiya. Can na lura wasu iyaye maza suna ƙwace jakar daga hannun yara suna kai masa, shi kuma yana mayar da hannu kyauta, yana sharar ido. Yaron ya karɓa ya sake shiga layina. Akwai jakar da na kashe sau uku, na gane ta da tabon tawada. Na ɗaga murya na ce, "Baba, don girman Allah ka bari mu gama!" Ya ce shi bai kira kowa ba.

Ina cikin wannan gumi Auta ta taɓa ni. "Yaya, ɗago ki gani."

Na ɗago. Mai Kwali ya tsallako da teburinsa, ya kafa shi dab da nawa, inda layi ke fita. Yaro ya karɓi gawar jakarsa a wurina, taku biyu, ya ja ubansa wurin masu ƙyalli. Nawa sababbin suna rataye a ƙofa, ko mai taɓawa babu.

Na tare wata mata na ce, "Ga nawa nan, wallahi wannan karon za su mutu."

Ta ce, "Haka kika ce wancan karon. Shi dai nasa ba su taɓa ba mu kunya ba."

Kafin la'asar kwalayensa sun zama fanko. Ni hannuna duk ya yi kanta, gabana tulin hannayen jaka. Baban yara ya fito ya ga taro ya washe baki, sai da ya matso ya ga inda kuɗi ke shiga, bakin ya rufe. Ya ce wa Mai Kwali, "To, kawo tef ɗinka ka auna ɗakin."

Mai Kwali ya ce, "Wane ɗaki? Na fasa."

Muka kalle shi.

Ya goge wuya da hankici ya ce, "Maƙwabciya, tun da na buɗe shago ban taɓa ciniki irin na yau ba. In na zuba kwali a ɗakin nan, wa zai riƙa yi mini wannan aikin? Jakunkunanki na tamfol sun cika gari, ko'ina na je sun tare mini hanya, kuma babu mai iya kashe su sai ke. Ki zauna a ɗakinki. Ni zan riƙa biyan maigida haya, in biya ki lada a kan kowace kika farke. Ɗinki dai ki bari. Reza ma ni zan kawo, ta waje, mai kyau."

Baban yara ya ce, "Kin ji. Ɗaki ya tsira, ga haya, ga lada. Me kuma kike so?"

Auta ta ce a hankali, "Yaya, ni dai farkewa ta fi saka zif sauƙi."

Na kalli kekena ta ƙofa, da yankakken yadi a kansa wanda ban haɗa ba. Sai na ji ƙarar ƙarfe a ciki. Baba Tela ne ya kwance kan kekensa daga tebur, ya rungumo shi ya fito, ya wuce mu bai kalli kowa ba. Ya ɗora a bayan babur ɗinsa, ya shiga ɗaurewa da igiyar roba.

"Baba, ina zuwa?"

"Inda ake ɗinki."

"Ai ban ce na yarda ba."

"Ba ki ce kin ƙi ba."

Mai Kwali ya ce, "Bar shi ya tafi, ai shi ne matsalar tun farko. Gobe da wane lokaci zan turo miki na farko?"

Baban yara ya ce, "Ba shi amsa mana, mutum yana tsaye."

Rezar tana hannuna har yanzu. Na ajiye ta a tebur, na ratsa ta tsakaninsu na je na dafa kan keken, daidai lokacin da Baba ya ɗora ƙafa zai tayar da babur.

"Baba, akwai ragowar tamfol a ƙarƙashin tebur, zai yi guda biyar. Sauke keken nan ka zo ka yanka mini."